Shatar jirgin ruwa na mako guda a Bahar Rum: gulet, katamaran ko mai inji?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar shatar mota don kai amarya ya san tambayar da ake yi wa direba kafin a tafa: kuɗin nan da ka faɗa, da mai ne ko ba mai? In ba a yi ta a tasha ba, za a yi ta a gidan mai ana kumfar baki, 'yan rakiya suna leƙowa ta taga. Shatar jirgin ruwan shaƙatawa ma a kan wannan tambayar take tsaye, sai dai a can abin da ake jayayya a kansa ya isa sayen fili a unguwa mai kyau.

Wani aminina ɗan kasuwa ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya aurar da autarsa, yana so ya kwashi iyalinsa su goma, har da Hajiya babba da jikoki biyu, su yi mako guda a kan teku inda ba mai yi masa sallama a ƙofar gida da asuba. An turo masa hotunan jirage uku ta waya, kowanne da farashinsa a ƙasa. Ya ce mini, "Malam, duba mini, wanne ne ba za a cuce ni ba?" Na ce, Alhaji, ba lallai a sami macuci a cikinsu ba, amma farashin nan uku ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Na farko jirgin katako ne na Turkiyya da ake kira gulet. Na biyu katamaran ne, wato jirgi mai ciki biyu, a tsibiran Girka. Na uku farin jirgi ne mai inji, irin wanda ake gani a hotunan attajirai, yana tsaye a gaɓar Italiya.

Gulet, gidan katako mai tafiyar hawainiya

Asalin gulet jirgin aiki ne. Masunta da masu nutso neman soson teku a yankin Bodrum su suka yi amfani da irinsa, kuma har yau a can da Bozburun da Fethiye ake sassaƙa shi. Yawon shaƙatawa a cikinsa ya samo tushe ne daga wani marubuci, Cevat Şakir Kabaağaçlı, wanda hukuma ta tura gudun hijira Bodrum a 1925. An kai shi don a hora shi, sai ya ƙaunaci wurin, daga baya ya riƙa gayyato abokansa daga Istanbul suna bin jiragen masunta lungu-lungu. Turkawa suna kiran wannan yawo Mavi Yolculuk, wato shuɗiyar tafiya.

Gulet na haya yawanci tsawonsa tsakanin mita 20 ne zuwa 35, da ɗakuna huɗu zuwa takwas, kowanne da banɗakinsa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne faɗin bayansa. A nan ake da babban tebur a ƙarƙashin rumfa, da wata shimfiɗa mai tumatumai da ta kewaye ƙarshen jirgin, inda mutum shida za su kishingiɗa ba mai taɓa wani. Tamkar tsakar gida ce, kuma a nan rayuwar makon take: a nan ake karin kumallo, a nan ake hira, a nan tsohuwa za ta zauna da carbinta tana kallon ruwa ba ta taka matakala ko ɗaya ba. A gaba kuma akwai wani fili da katifu, wanda in an so sai a bar wa mata da yara. Gefen jirgin yana da katanga ta katako mai ɗan tsayi, abin da ke kwantar wa mai ƙananan yara hankali.

Kada dogayen sanduna biyu na rataya ƙyallen iska da ke tsaye a kansa su ruɗe ka ka zaci iska ce za ta tura ku. Yawancin gulet da inji suke tafiya, ƙyallen iskar sai jefi-jefi ake buɗe shi, wani lokaci don hoto kawai. Gudunsa yawanci kusan kilomita 15 ne a awa, kuma ba a buƙatar fiye da haka, domin a gaɓar kudu maso yammacin Turkiyya wuraren tsayawa a jere suke. Daga Göcek, cikin awa ɗaya ko biyu kun isa tsibiran Yassıca ko tsibirin Tersane, duk a cikin ruwan da duwatsu suka kare daga iska. In an miƙa gabas akwai tsibirin Gemiler da kufan majami'unsa, da Ölüdeniz, har zuwa Kaş da Kekova inda ake hango ganuwar tsohon gari a ƙarƙashin ruwa. Daga Bodrum kuma ana shiga mashigin Gökova. Tsarin yini kusan ɗaya ne: a tashi da sassafe kafin iska ta motsa, a yi tafiyar awa biyu ko uku, a saki anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a wani lungu, yaron jirgi ya ja igiya ya ɗaure bayan jirgin a gaɓa, shi ke nan sai wanka da ci da barci.

Cinikinsa shi ya fi kama da abin da muka sani. A galibin yarjejeniyar gulet, farashin da aka faɗa ya haɗa da ma'aikata, da man tafiyar kimanin awa huɗu a yini, sau da yawa har da kuɗin tashoshin cikin Turkiyya. Abinci daban ne: ko dai a yanka maka kuɗi a kan kowane mutum na mako, ko ka ba da kuɗi kuku ya yi cefane ya kawo rasit. Ke nan tun kana gida ka san kusan abin da za ka kashe.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Na farko, na'urar sanyaya ɗaki. Jirage da yawa sun ƙayyade awannin da za a kunna ta, domin janareta ce ke jan ta, kuma kyaftin ba ya son ya kwana yana ƙona mai. A watan Yuli da Agusta zafin wannan gaɓar yana haura digiri 35, ɗakin katako a ƙasan jirgi kuma ya fi ɗakin kwano riƙe zafi. Na taɓa kwana a wani da aka kashe janareta da sha biyun dare; kafin ƙarfe ɗaya duk mun kwaso barguna mun dawo sama. Ni na ji daɗin taurarin, amma ba zan kai tsohuwa mai hawan jini can ba. Na biyu, kalmomin da ake liƙa wa gulet, wannan na alfarma, wancan na ƙasaita, babu wata hukuma ɗaya da ke raba su, mai jirgi ne ke raɗa wa kayansa suna. Tsohon gulet yana ƙara da dare kamar tsohuwar ƙofa, wani kuma da warin man gas a ɗakunan baya. Abin tambaya shi ne shekarar da aka yi masa babban gyara na ƙarshe, da bidiyon da aka ɗauka a bana, ba hoton ranar da aka ƙaddamar da shi ba.

Katamaran

Wannan kwalekwale biyu ne dogaye aka haɗa da falo a tsakaninsu. Kamfanonin Faransa irin su Lagoon da Fountaine Pajot da Bali su suka cika tashoshin haya da shi. Falalarsa guda ce babba: ba ya karkata, kuma in an tsaya ba ya lilo kamar jirgi mai ciki ɗaya. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya fi samun sauƙi a kansa. Ba ya nitsa ƙasa sosai, don haka yana matsawa kusa da rairayi inda ruwa bai yi zurfi ba, kuma matakalar bayansa dab take da ruwa, yaro mai rigar ceto zai sauka ya hau ba wahala. Shi kam da gaske iska ke tura shi, in akwai ta, sai a kashe inji ka ji shiru, kuɗin mai kuma ya zama ɗan kaɗan.

Sai dai ƙarami ne. Mai tsawon mita 14 zuwa 16, wanda shi ne aka fi samu, ɗakuna huɗu ne na baƙi, gado ya cinye kusan dukkan ɗakin, banɗakin kuma in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango. Mutum takwas ne daidai. Goma sai an je ga manyan da kuɗinsu ya kama na gulet mai kyau ko ya wuce. Ma'aikata biyu ne, kyaftin da mai girki, sau da yawa mata da miji, kuma kicin ɗin a cikin falo yake. Ma'ana, duk inda ka juya kuna tare da su. Ga Turawa wannan shi ne daɗin abin, kafin kwana uku sun zama abokai. Ga gidan da matar gida ba ta saba zama ba mayafi a gaban baƙon namiji ba, mako guda a haka takura ce. A tashoshi kuma ana cajinsa fiye da jirgi mai ciki ɗaya saboda faɗinsa yana cin wurin jirgi ɗaya da rabi.

Inda za a hau shi ma abin lura ne. Hotunan Girka da kowa ya sani, fararen gidaje da shuɗin rufi na Mykonos da Santorini, suna tsibiran Cyclades ne, inda wata iskar arewa da ake kira meltemi ke kaɗawa a Yuli da Agusta, wani lokaci kwanaki a jere. In ta taso kyaftin zai ce ba a fita, kuma maganarsa ce ta ƙarshe ko da kai ka biya. Ɓangaren yamma, wajen Corfu da Lefkada da Ithaca da Kefalonia, ruwansa ya fi kwanciya nesa ba kusa ba, kuma shi zan nuna wa duk wanda bai taɓa kwana a kan teku ba. Kuroshiya ma haka, daga Split zuwa Hvar da Vis da Korčula tsibiran suna kare juna.

Akwai wata haya mai araha da za ka gani a intanet, wadda ake ba ka jirgin ba ma'aikaci ko ɗaya. Wannan sai mai lasisin tuƙin jirgin ruwa. A wuce ta.

Mai inji, da lissafin da ba a rubuta a ƙasan hoto ba

Farin jirgin nan na uku shi ya fi ɗaukar idon Alhaji, kuma ban ga laifinsa ba. Irin waɗanda Benetti da Sanlorenzo da Azimut ke ƙerawa a Italiya, ko Sunseeker da Princess a Ingila, otal ne mai tafiya. Sanyi dare da rana. Ɗakin maigida ya cinye faɗin jirgin gaba ɗaya. Mai mita 30 yana da ma'aikata biyar ko shida, kowa da aikinsa, da ɗakunansu da hanyarsu daban, ba ka ganinsu sai ka nema. Sababbin suna da na'urar da ke hana lilo ko a tsaye suke. Ga baburan ruwa da kwalekwale mai gudu na kai mutane gaɓa. Gudunsa kuma ya ninka na gulet fiye da sau biyu: daga Nice zuwa tsibirin Corsica, kusan mil 100 na teku, zai yi shi tsakanin karin kumallo da azahar, tafiyar da gulet zai wuni a kanta har dare.

Wannan gudun da kuɗi ake sayensa. Jirgi irin wannan in ya miƙe yana shan ɗaruruwan litocin man gas a awa guda, kuma ko lita ɗaya ba ta cikin farashin da aka turo. Manyan jirage a Bahar Rum kusan duka da yarjejeniyar MYBA ake ba da su haya, wato ƙungiyar dillalan jiragen shaƙatawa da aka kafa a 1984. A tsarinta, kuɗin haya ya ƙunshi jirgin da ma'aikatansa da inshorarsa kawai. Duk sauran, mai da abinci da abin sha da kuɗin tsayawa a tasha, daga wani asusu ake cirewa da suke kira APA. Mu ce kuɗin cefane. Kana ba da shi tun kafin tafiya, yawanci kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kuɗin haya, kyaftin ya riƙe yana kashewa yana ajiye rasit. In ya yi saura a mayar maka; in ya ƙare a tsakiyar mako sai ka ƙara kafin a ci gaba. Sai harajin VAT na ƙasar da aka fara tafiyar: Italiya kashi 22, Sifaniya 21, Faransa 20, Kuroshiya 13. Sai tukuicin ma'aikata a ranar sauka, wanda ba dole ba ne a rubuce amma kowa na sa ran sa, ƙungiyar kuma ta ba da shawarar kashi 5 zuwa 15.

Mu buga misali. A ce an rubuta Yuro 60,000 a mako, za a tashi daga Naples. Kuɗin cefane a kashi 30 ya kama 18,000. Haraji 13,200. Tukuici a kashi 10, 6,000. An tashi a 97,200, ba a sayi tikitin jirgin sama ko ɗaya ba. In kuma jirgin yana wata tasha ne aka ce a kawo maka shi inda kake so, man zuwa da na komawa ma naka ne. Da na gama wannan lissafin a bayan wata takarda, Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Ashe sadakin ne kawai suka faɗa, ba su ambaci lefe ba."

Ba wai tsarin zalunci ne ba. Hasali ma ya fi kowanne gaskiya, domin abin da ka ci shi ka biya, kuma gidan da ba a shan giya yana rage wani babban kaso na cefanen da Turawa ke yi. Wanda ya ce wa kyaftin a tafi a hankali, a kwana a kan anga maimakon tasha, zai ga canji ya dawo. Amma a nan ne tambayar take: in za ka tafi a hankali ka kwana a lungu, me ya kai ka biyan kuɗin jirgi mai gudu?

Amsar ita ce wuraren da yake zuwa. Capri da Positano da Amalfi, Porto Cervo da Aga Khan ya gina a Sardinia a farkon shekarun 1960, Saint-Tropez, Antibes, tashar Port Hercule ta Monako. Waɗannan wurare ne na gani da a gan ka. Jirgi yana shiga tasha da baya, a ɗaure shi gefe da gefe da wasu, bayansa yana fuskantar titi, masu yawo suna tsayawa suna ɗaukar hoton ku kuna cin abinci. Wani wannan ya je nema, kuma kuɗinsa ne. Wanda zai karɓi abokan kasuwanci, ko yake so ya taka ƙasa uku a mako guda, ko matarsa ke son kantunan Monako da yamma, babu abin da zai maye masa mai inji. Wanda ya gudo daga idon jama'a kuwa, ya biya ninki ne don ya koma cikinsa.

Abubuwan da dillali ba zai tuna ba sai ka tuna masa

Biza ce ta farko, domin ita ke iya rushe komai. Girka da Italiya da Faransa duk yankin Schengen ne, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu, Kuroshiya ma ta shiga ranar 1 ga Janairun 2023. Turkiyya bizarta daban. A yarjejeniyar MYBA ana biyan rabin kuɗi ranar sa hannu, saura da kuɗin cefane wata guda kafin tafiya, kuma in ka fasa, kafin alƙalaminka ya tafi sai dai in an sami wani ya karɓi makon. Babu inda aka rubuta cewa hana ka biza uzuri ne. Mutum goma kuma fasfo goma ne, ɗaya aka hana an ɓata tafiyar. Ana iya neman bizar Schengen tun wata shida kafin tafiya, don haka a nema da wuri, a kuma nemi dillali ya rubuta abin da zai faru in ba ta fito ba. Wanda ya hau gulet ya hango Rhodes ko Symi ko Kos a tsallake ya yi sha'awa, ya sani can Girka ce. Ba biza ba sauka. Ta fuskar hanya, jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, daga can awa ɗaya da 'yan mintoci ne zuwa Dalaman in Göcek ko Fethiye aka nufa, ko Milas in Bodrum ne.

Sai adadi. A dokar teku ta duniya, jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 12 ya zama jirgin fasinja, da wasu sharuɗɗa masu tsauri. Shi ya sa za ka ga ƙaton jirgi mai mita 60 an rubuta baƙi 12 kacal. Mai reno tana cikin lissafi, haka yaron gida in an tafi da shi. Al'adarmu ta "ai wane ma zai bi mu" ba ta aiki a nan. Wasu manyan gulet suna da lasisin ɗaukar fiye da haka, wannan ma wani dalili ne da ya sa babban gida ke karkata can.

Kafin tafiya za a turo maka doguwar takarda ta tambayoyi: me kuke ci, me ba ku ci, wa ke da ciwo, wa ya iya ruwa. Kada a cike ta da gaggawa. A Turkiyya naman halal shi ne na kasuwa, kukun ma galibi Musulmi ne, ba sai an yi dogon bayani ba; abin da za a faɗa kawai shi ne kada a ɗora giya. A Italiya ko Kuroshiya sai an rubuta ƙarara, kuma tun da wuri, domin mahaucin halal yana manyan garuruwa ne, ba a ƙananan tsibirai ba. A kuma ambaci girki da giya, wanda kukun Turai ke yi ba tare da ya ɗauke shi komai ba. Kifi dai ba matsala ko'ina. A tafi da yaji da kuka da daddawa a rufe da kyau, amma kilishi da dambun nama a bar su a gida in ƙasashen Tarayyar Turai aka nufa, dokarsu ta hana shigo da nama a kayan matafiyi.

Salla tana da nata abin mamaki. Mu da muka saba cewa gabas, daga gaɓar Turkiyya da Girka alƙibla kudu maso gabas take. Jirgin da ke kan anga ɗaya yana juyawa da iska, sai ka yi azahar kana fuskantar dutse, la'asar kuma dutsen yana bayanka. Dole a duba kafin kowace salla. Yadda ake ɗaure bayan gulet a gaɓa ya sa shi yana tsayawa wuri ɗaya, kuma bayan nasa ya isa sahu biyu. A katamaran sai dai a yi bi da bi. Banɗakunan Turkiyya galibi suna da famfon tsarki, amma ni ko'ina ba na barin buta. Ranar Juma'a kuwa, kowane ƙauyen gaɓar Turkiyya da masallacinsa, kwalekwale zai kai ka ya dawo da kai.

Maganar wankan mata ta rataya ne a kan inda aka tsaya fiye da irin jirgin. A faɗa wa kyaftin tun ranar farko cewa ana son lungun da ba jirage, kuma a wani lokaci na yini ma'aikata maza su koma gaba ko ɗakinsu. Kyaftin ɗin da ya saba ɗaukar Larabawan Gulf ya san wannan ba sai an maimaita ba, kuma tambayar dillali ko jirgin ya taɓa ɗaukar irin waɗannan baƙi ba abin kunya ba ce. Ana iya neman a sa mace cikin ma'aikata. A watan Agusta dai lungun da ba kowa yana wuya ko a Göcek.

Wannan ya kawo mu ga lokaci. Hutun makarantunmu na ƙarshen shekara ya faɗo daidai kan Agusta, watan da ya fi tsada da cunkoso da zafi. Wanda ba yaran makaranta suka ɗaure shi ba, ya nemi Yuni ko Satumba. Ni Satumba na fi so: farashi ya sauka, jama'a sun ragu, ruwan kuma ya sha rana wata uku ya yi ɗumi.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke jawo ɓacin rai. Ba a hawa da takalmi, wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Manyan akwatunan nan masu tauri ba su da wurin zama a katamaran, sai jaka mai naɗewa. Turaren wuta da garwashi babu kyaftin ɗin da zai yarda, balle a jirgin katako. A tafi da humra da na fesawa. Sabon lalle yana ɓata fararen tumatumai, kuma za a cire kuɗin. Wanda bai iya ruwa ba ya faɗa, babba ne ko yaro, ya sa rigar ceto. Girma ba ya hana nutsewa. Wanda kuma bai san yadda cikinsa yake da teku ba, in hanya ta bi da shi Dubai ya ɗauki shatar awa uku daga Dubai Marina ya zagaya Palm Jumeirah. Ruwan can a kwance yake, in a nan ma ya yi amai to ya san matsayinsa tun bai zuba kuɗin mako ba.

Dillali kuwa, a nemi wanda ke cikin ƙungiya sananniya, kuma kuɗi su shiga asusun amana da aka rubuta a yarjejeniya, ba asusun wani mutum da aka turo ta WhatsApp ba. La'adarsa mai jirgi ke biya, don haka tsallake shi ba ya rage maka komai. Zai nemi fasfo da bayanin inda kuɗin suka fito. Kowa ake yi wa haka.

Da muka zo ƙarshe Alhaji ya ce in daina kewaye-kewaye in faɗa masa wanne. Na ce, da kai da Hajiya ne kawai da wasu ma'aurata biyu, kuma kuna son ku ji yadda iska ke tura jirgi, da katamaran zan ce, a Lefkada. Da baƙi za ka karɓa daga Turai kana so a san ka iso, da mai inji zan ce, ka kuma ware kusan kashi biyu cikin uku na farashin a gefe. Amma mutum goma, da tsohuwa, da jikoki, da mata masu son sakewa, kuma abin da ka ce kana nema shi ne kada a buga maka ƙofa: ka ɗauki gulet mai ɗakuna biyar ko shida daga Göcek, wanda aka gyara kwanan nan, na sama-sama ba na tsakiya ba. Kuɗin da za ka zuba a man mai inji kaɗai ya isa ya ɗaga ka daga gulet na talakawan Turai zuwa na masu hali.

Ya amince, amma da sharaɗi uku da muka sa dillalin ya rubuta a cikin yarjejeniya kafin a tura ko sisi: sanyi awa 24 ba ƙarin kuɗi, ɗakin Hajiya babba ya zama mafi kusa da matakala, kuma ba a sa hannu sai fasfo na goma ya dawo da biza. Dillalin ya yarda da biyun farko nan take. Na ukun ya ce zai riƙe musu makon na kwana goma kacal, in wani ya zo da kuɗi a rana ta sha ɗaya, jirgin nasa ne.